Hukuncin gyaran ƙwayoyin gado don maganin sikila, da ɓoye wa marar lafiya illarsa

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da 'ya mai shekara 17 da ke fama da sikila tun tana goye. Bara kaɗai sau shida aka kwantar da ita. Likitocin da ke duba ta sun ce ta cancanci sabon maganin nan da ake gyara ƙwayoyin gado da shi, kuma Allah ya buɗa hanyar biyan kuɗin. Sai wani malami ya ce mana haramun ne, canza halittar Allah ne, aikin Shaiɗan. Likitocin sun kuma ce allurar da za a yi mata kafin a mayar mata da jininta tana iya hana ta haihuwa, amma wannan ni da mahaifiyarta mun yanke ba za mu faɗa mata ba, don kada ta ƙi. Shin maganin ya halatta?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba 'yarka lafiya, ya saka muku da alheri kai da mahaifiyarta kan daren da kuka sha kwana a zaune.

Ɗan'uwana, maganin ya halatta. Abin da bai halatta ba shi ne wanda ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, wato ɓoye mata. Zan dawo kansa, amma bari mu fara sauke maka nauyin da malamin nan ya ɗora maka.

Hukunci a kan abu yana biyo bayan sanin yadda abin yake. Maganin da ake nufi, idan shi ne wanda ake kira Casgevy, hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, ta Amurka ta biyo baya a Disamba, ga masu shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ke yawan tasar musu. Ana amfani da fasahar CRISPR, wato wani irin almakashi na yanka ƙwayoyin gado, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020. Ana zaro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin marar lafiyar kanta, a kai su ɗakin gwaji, a taɓa wuri guda a cikinsu, sannan a mayar mata da su. Wurin da ake taɓawa kuwa abin lura ne. Jariri tun yana ciki yana da irin nasa sinadarin jini mai ɗaukar iska, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Bayan haihuwa da 'yan watanni sai wata ƙwayar gado mai suna BCL11A ta rufe shi, na manya ya karɓi aiki. Shi ya sa mai sikila ba ya fara ciwo sai ya yi watanni a duniya. Likitoci suna sassauta wannan makulli ne kawai, jinin jarirantaka ya dawo. Ba a ɗauko mata komai daga jikin wani mutum ko dabba a dasa cikin gadonta ba. Abin da Allah ya halitta mata tun tana cikin mahaifiyarta ne ake tadawa.

To ina canza halitta? Malamin ya kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi rantsuwa zai umurci mutane su canza halittar Allah. Ina kyautata masa zato, tsoron Allah ne ya sa shi faɗa, amma fahimtar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Magabata sun fassara ayar da canza addinin Allah da fiɗirar da ya halicci mutane a kai, kuma wannan ne Imam Ɗabari ya rinjayar, yana haɗa ta da aya ta 30 a Suratur Rum. Wasu sun ce fiɗiyar dabbobi ake nufi, wasu sun ce zanen jiki. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya shigar da magani. Da ayar tana nufin duk wani sauyi a jiki, da kaciya ta haramta, da yanke farce ya haramta, da cire ruɓaɓɓen haƙori da ɗinke leɓen jaririn da aka haifa da tsaga duk sun zama bin Shaiɗan. Ba wanda ya taɓa faɗin haka.

Hadisin Ibn Mas'ud, Allah ya yarda da shi, wanda ya la'anci masu wushirya da gangan, ya zo da ƙaidi a cikinsa: don neman kyau. Imam Nawawi ya tsaya a kan wannan kalma a sharhinsa na Sahih Muslim, ya ce in an yi ne don magani ko gyara wani aibi a haƙori babu laifi. Ga kuma Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga namiji. Shari'ar da ta sassauta haramcin zinare don a gyara wa mutum fuska, ta yaya za ta hana a gyara wa yarinya jinin da ke toshe mata jijiyoyi, yana cin ƙasusuwanta da ƙodarta, yana iya shanye mata ɓarin jiki?

Wataƙila malamin ya ce: waɗancan gaɓoɓi ne na waje, wannan kuwa asalin halitta ne, rubutun da Allah ya yi a jikin mutum. Amsa ita ce ƙwayar gado ma halitta ce kamar ido da hanta. Ƙanƙantarta da ɓoyuwarta ba su ba ta wata alfarmar da zuciya ba ta da ita, ga shi kuwa ana buɗe zuciya a sauya mata bawul ba mai musu. Kuma ba ita ce Lauhul Mahfuz ba. Mutane da yawa suna rikita biyun nan, suna jin kamar likita ya kai hannu cikin ƙaddara. Wanda ya warke ta wannan hanya, tun fil azal an rubuta zai warke ta nan. Amsar da Sayyidina Umar ya ba Abu Ubaida ranar da ya juya daga annobar Sham ta isa: muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Ba ni kaɗai nake kan wannan ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta amfani da ilimin ƙwayoyin gado wajen magani da rigakafi tun 1998, da sharaɗin kada ya jawo cutar da ta fi wadda ake gudu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a 2013, ta bambanta gyaran ƙwayoyin jiki da na ƙwayoyin haihuwa. Na farko yana tsayawa ga mai shi, na biyu yana gangarawa ga zuriya, kuma shi aka hana. Irinsa ne wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, ya yi wa tagwaye mata tun suna ɗan tayi a 2018, har kotu ta ɗaure shi shekara 3. Na 'yarka ba ya cikin wannan.

Yanzu ga inda hukuncin yake juyawa. Kafin a mayar mata da ƙwayoyin da aka gyara, dole a share tsohon ɓargonta da magani mai ƙarfi irin na masu sankara, sunansa busulfan. Gashi yana zubewa, baki yana yin gyambo, garkuwar jiki tana faɗuwa na makonni, kuma sau da yawa yana kashe ƙwan haihuwa har abada. Shari'a tana yarda a ɗauki ƙaramar cuta don tunkuɗe babba, kuma kare rai yana gaba da kare zuriya. Amma wa zai auna? Yarinyar da ta kai shekara 17, ta ga al'ada, tana da hankalinta, baliga ce. Allah yana tambayarta sallarta da azuminta, jikinta amana ne a hannunta, izinin magani nata ne. Izinin da aka karɓa bayan an ɓoye mafi girman illa kuwa ba izini ba ne, yaudara ce, ko da ƙauna ce ta kawo ta.

Ka tuna matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ce mata in ta so ta yi haƙuri ta samu Aljanna, in ta so ya roƙa mata lafiya. Bai aika a kira mahaifinta ko mijinta ba, ita ya ba zaɓi. Shi kansa a ciwon ajalinsa ya yi nuni kada a ɗura masa magani, da aka ɗura bai yarda da abin da aka yi ba.

Na san abin da ke zuciyarka. Ka ga tana murƙususu, ka ji kukanta, kana tsoron ranar da za a kwantar da ita ba ta tashi ba. Amma ka hango ta bayan shekara goma, ta yi aure, tana yawon neman haihuwa, sai wani likita ya buɗe takardunta ya faɗa mata abin da iyayenta suka sani suka yi shiru. Ciwon jinin ya tafi, wane ne zai warkar da wannan? Kuma kada ka roƙi likitocin su taya ka ɓoyewa, domin za ka sa su cikin ha'inci. Ku zauna da ita, mahaifiyarta ta fara, likita ya yi mata bayani dalla-dalla, a ba ta kwanaki ta yi istihara. In ta ƙi, ba ta yi saɓo ba, kuma ba a tilasta ta. Akwai maganin sikila na sha mai suna hydroxyurea, akwai ƙarin jini a kan tsari, akwai dashen ɓargo in an samu ɗan'uwa ko 'yar'uwar da jininsu ya dace, ko da yake shi ma yakan zo da irin wannan illar.

Faɗa mata yana buɗe wata ƙofar da shiru zai rufe: ana iya cire ƙwanta a daskarar kafin a fara. Hukumar fatawa ta Masar ta halatta haka ga wadda ba ta yi aure ba, kuma ni ma ina ganin halaccinsa a irin wannan lalura, da sharaɗin a adana shi inda ba zai cakuɗe da na wata ba, kada a haɗa shi sai da maniyyin mijinta suna cikin igiyar aure, kuma a mahaifarta za a mayar. Ku tambayi likita da kyau, don allurar da ke nunar da ƙwai tana iya tayar wa mai sikila ciwo.

Abu biyu da ba ka tambaya ba. Na farko, kada a ce muku an gama sanin maganin nan. A gwajin da hukumar Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ciwo mai tsanani bai tasar musu ba, wannan kuwa ni'ima ce babba. Sai dai adadin kaɗan ne, shekarun ma kaɗan ne, shi ya sa aka tsara bibiyar waɗanda aka yi wa har shekara 15, don almakashin yana iya yanka inda ba a nufa ba. Abin da ciwon ya riga ya lalata a ƙashi ko wata gaɓa ma ba lalle ya dawo ba.

Na biyu ya fi damuna. Tunda gyaran bai taɓa ƙwan haihuwa ba, 'yarka za ta warke a jininta amma tana nan SS a gadonta. Duk ɗan da ta haifa zai karɓi S daga gare ta. In ta auri mai AS, kowane ciki rabi da rabi ne ya zo da sikila. Don haka ranar da manemi ya fito, a yi masa gwaji, a kuma faɗa masa gaskiya biyu: gadon da take ɗauke da shi, da halin da haihuwarta ke ciki. Kada lafiyar da zai gani a fuskarta ta zama labule, domin kowane ɗayansu yana da haƙƙi a kan zuriya, kuma auren da aka ɗaura a kan ɓoye irin wannan kotu yakan ƙare.

Ka gaishe min da ita, ka ce mata muna sa ta a addu'a.

Wallahu a'alam.