Amsa ga mai tambaya kan cire wa karya mahaifa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa domin ba maganar layi biyu ba ce. Ka ce karyar da ke maka gadi a Ɗorayi, nan Kano, watanta bakwai, uwarta 'yar gida, ubanta Alseshan, babban karen nan na Turawa, kana son a cire mata mahaifa, amma wasu sun ce ka bari ta haihu ko sau ɗaya, wasu kuma sun ce za ta zama raguwa ta daina haushi. Ni ba likitan dabbobi ba ne, ɗan kasuwa ne. Sai dai karnuka mata biyu sun wuce ta hannuna a gidanmu na Rijiyar Zaki, kuma ta farkon ce ta koya mini hankali.

Baƙa muke ce mata, 'yar gida ce tsantsa. Tana wata takwas ta fara neman namiji. In ba ka taɓa gani ba, gabanta zai kumbura, jini ya riƙa ɗiga a siminti, abin ya ɗauki sati biyu zuwa uku. Karnukan da ban taɓa sanin akwai su a unguwar ba duk suka tare a ƙofar gidana, dare ya yi su kaure da faɗa, safiya ta yi maƙwabta su kawo ƙorafi. Wata biyu da 'yan kwanaki, kwana 63 ke nan kamar yadda cikinsu yake, ta zubo 'yan kwikwiyo bakwai. Ka san garin nan, mafarauta da masu gadi maza suke so, matan kuwa sai ka yi ta roƙo kafin wani ya karɓa. Kuma abin kusan sau biyu yake zagayowa a shekara.

Da na gaji, wani ya ba ni shawarar a riƙa yi mata allurar tazarar haihuwa irin ta mata. Arha, ba yanka, ba jinya. Muka yi ta yi. Tana da wajen shekara shida, kamar wata ɗaya da rabi bayan ta gama neman namiji, sai ta daina cin abinci, ta koma shan ruwa kamar raƙumi, ciki ya ɗan taso, wani ruwa mai ɗoyi yana fita ta gabanta. Na ɗauka tsutsar ciki ce, na ɓata kwana uku ina ba ta magani. Da muka je asibitin dabbobi likita ya ce mahaifar ce ta cika da mugunya, in ta fashe a ciki shi ke nan. A ranar aka yanka ta. Bayan aiki ya kira ni ya nuna mini abin a cikin tasa: mahaifar da a ƙa'ida kaurinta bai fi na fensir ba ta zama kamar hanjin sa da aka ɗura wa ruwa, reshe biyu, sai sheƙi take. Ya ce ko ba allura wannan ciwo yana yawan kama karnukan da suka manyanta ba a cire musu ba, allurar kuma ƙara masa ƙarfi take. Baƙa ta rayu, amma kuɗin da na kashe ya ninka na aikin da na guje wa tun farko. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, don haka allurar nan ka fitar da ita daga lissafi.

Maganar a bari ta haihu sau ɗaya, ba abin da haihuwar ke ƙara wa lafiyarta. Hasali ma, wadda aka cire wa kafin ta fara neman namiji ita ta fi kuɓuta daga ciwon dajin nono idan ta tsufa, kuma duk zagayen da ya wuce wannan kariya raguwa take. Shi ya sa ƙananan karnuka da irin namu na gida ake musu tun suna wajen wata shida.

Inda taka ta bambanta shi ne jinin ubanta. Manyan jinsi irin Alseshan, Rotwaila da Bobul ƙashinsu ba ya gama girma sai sun shekara ko shekara da rabi, kuma in aka yi musu da wuri suna iya samun matsalar gaɓoɓi daga baya. Ta biyun da nake da ita yanzu, Gimbiya, irin taka ce, sai da ta kai wata goma sha huɗu aka yi mata. Amma jira yana da farashi: za ta yi neman namiji sau ɗaya a hannunka, dole ka kulle ta sati uku cur. To ka dubi gidanka tsakaninka da Allah. In katangarka gajera ce, ko yara na barin ƙofa a buɗe, ko sakinta kake da daddare, ni a ganina a yi yanzu ya fi. Ɗaukar ciki tana 'yar wata takwas ya fi illa, ga kuma wani ƙari da karnukan titi ke shafa wa juna wajen barbara, wanda ke fitowa a gaba yana zubar da jini. In kuwa kana da keji mai ƙarfi kuma da alamar za ta yi jiki sosai, ka jira ta shekara. Kai ta likita ya auna ta, shi zai raba gardama.

Abu ɗaya da babu jayayya a kansa: ba a so a yi aikin tana cikin neman namiji, saboda jijiyoyin wurin sun cika da jini a lokacin. A bari wata biyu zuwa uku bayan ta gama. In ta haihu kuma, sai an yaye 'ya'yan, nono ya ƙafe. Idan kana da zaɓin wata, ka kauce wa zafin Maris zuwa Mayu da tsakiyar damina, lokacin da ƙuda ke yi wa kowane rauni ƙwai. Gimbiya a Disamba aka yi mata.

Kafin ranar, a tabbatar ta yi rigakafinta, musamman na ciwon haukan kare, an ba ta maganin tsutsa, an raba ta da kaska, domin kaska na shanye musu jini. Ka tambayi likita ko ya saba irin wannan aiki a karnuka, tunda da yawa a nan shanu, awaki da kaji suka fi kamawa. Wanda bai samu natsuwa ba yana iya dangana da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Daren da za a wayi gari a yi aikin ba abinci. Ka kuma shirya motar da za ta dawo da ku. Ni masu adaidaita sahu uku suka ƙi ɗaukata da suka ga kare a hannu, sai ƙanina na kira.

Da muka iso gida tana tangaɗi kamar wadda ta sha ta bugu, idanu a juye, ciki a aske da ɗinki tsawon ɗan yatsa. Ga sanyin hunturu, sai karkarwa take, na shimfiɗa mata buhu da tsohon bargo a shagon zaure. Daren ba ta ci komai ba, ruwa kaɗan ta lasa. Washegari ta ci rabin abincinta. Rana ta uku ita ce matsalar, domin ta ji garau tana son tsalle, alhali cikin bai haɗe ba. Kwana 10 zuwa 14 ake kafin a cire zare, kuma duk tsawon nan ba gudu, ba wanka, ba kwanciya a ƙasa mai turɓaya, ba lasar wurin. Akwai wani mazurarin roba da ake sa musu a wuya. Da nata ya tsage, gindin ƙaramin bokiti na yanke na naɗe bakin da tsumma, ya yi aikin. Safe da yamma ka duba ɗinkin. Ɗan ja da ɗan kumburi ba komai. Amma in ya buɗe, ko yana fitar da ruwa mai wari, ko tana ta amai, ko dasashinta ya yi fari, ko ta wuce kwana biyu ba ci, koma asibiti a ranar. Kar ka ba ta maganin ciwon jiki na mutane daga kemis, irin su ibuprofen da diclofenac suna lalata musu ciki da ƙoda. Wanda likita ya ba ka kaɗai.

Batun gadi kuwa, ka kwantar da hankalinka. Gimbiya ko mai kawo ruwa da ta sani shekara biyu ba ta ƙyale shi ya wuce zaure ba tare da ta sanar ba. Abin da ta daina shi ne haƙa ƙarƙashin ƙofa don ta fita. Canjin da na gani na gaske ƙiba ce: cinta ya ƙaru, jikinta kuma ba ya ƙona abinci kamar da, sai da na rage mata tuwo da ƙanzon da yara ke tura mata. Wasu manyan karnuka kuma daga baya fitsari kan riƙa zubo musu cikin barci, akwai maganinsa, tawa dai ba ta yi ba.

Ka duba gabanta yau ka ga ko ya fara kumbura, ka kuma gaya mana kilo nawa take da tsayin katangarka, sai mu san ko jira za ka yi ko asibiti za ka nufa.