Ta yaya ake tabbatar da cewa farin garin da aka kama hodar iblis ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna yawan ji a labarai cewa jami'an NDLEA sun kama hodar iblis ko tiramadol a filin jirgin sama ko a tashar jiragen ruwa. To farin gari yana da yawa, kuma ido ba ya bambanta shi. Ta yaya ake tabbatar wa kotu ainihin abin da aka kama, kuma shin ana iya yin kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ana iya yin kuskure, kuma galibi yana faruwa ne a matakin farko, wato gwajin launi da jami'i ke yi a wurin kamu. Ana ɗiga wani ruwan sinadari a kan ɗan garin a duba launin da zai bayar. Ruwan Marquis yakan koma shunayya idan ya haɗu da hiroyin, gwajin Scott kuma yakan ba da shuɗi idan akwai hodar iblis. Matsalar ita ce wasu magunguna na halak, irin su lidokain da likitoci ke kashe zafi da shi, suna iya ba da shuɗin nan. A gundumar Harris ta jihar Texas a Amurka an soke hukuncin mutane da dama waɗanda suka amsa laifi bisa gwajin launi, bayan da ɗakin gwaje-gwaje ya gano cewa abin da aka same su da shi ba haramtaccen abu ba ne. Saboda haka gwajin launi zato ne kawai, kuma a ganina bai kamata a ɗaure mutum a kansa shi kaɗai ba.

Tabbatarwa tana zuwa ne daga na'urori iri biyu. Ta farko tana aiki da haske, kuma ilimin nata shi ake kira sifektiroskofi. Ana ɗora ɗan garin da bai kai ƙwayar gero ba a kan wani ƙaramin lu'ulu'u, a danne shi, a haska masa hasken infirared wanda ido ba ya gani. Kowane sinadari yana shanye wasu sassan hasken ya bar wasu, gwargwadon yadda ƙwayoyin zarrarsa suke haɗe, sai na'urar ta fitar da zane mai hawa da sauka cikin kamar minti guda, ba tare da ta lalata samfurin ba. Rauninta shi ne garin da aka gauraya, domin dillalai kan ƙara wa hodar iblis kafeyin ko fenasetin ko lebamisol don ta yi yawa, sai zanen sinadaran ya hau kan juna ya yi wuyar karantawa.

A nan ne ake komawa ga na'ura ta biyu, wato GC-MS, mai rarraba sinadaran da aka gauraya sannan ta auna nauyin ƙwayoyinsu, wadda ita ce ƙashin bayan wannan aiki, kuma Roland Gohlke da Fred McLafferty ne suka haɗa sassanta biyu a shekarun 1950. Ana narkar da garin a cikin metanol, a ɗebi ɗigo ɗan mitsitsi da sirinji a zuba a bakin na'urar, inda zafi ke mai da shi tururi. Iskar hiliyam ce ke tura tururin cikin wani siririn bututu mai tsawon kimanin mita 30 da aka naɗe a cikin tanda. Wasu sinadaran sukan manne wa bangon bututun su yi jinkiri, wasu su wuce da sauri, don haka kowanne yana fitowa shi kaɗai a lokacinsa, kuma wannan lokacin shi ne shaida ta farko.

Duk sinadarin da ya fito sai ya faɗa sashe na biyu, mai auna nauyin ƙwayoyi. Ana harbinsa da ilektiron masu ƙarfi har ƙwayarsa ta farfashe, kuma tana karyewa ne a wuraren da take da rauni, kamar yadda rake ke karyewa a gaɓa, shi ya sa gutsattsarin ba sa canzawa. Nauyin ƙwayar hodar iblis 303 ne, kuma manyan gutsattsarinta suna fitowa a 182 da 82. Na hiroyin 369 ne, tare da 327 da 268. Kwamfuta tana gwada wannan jeri da rumbun bayanai irin na cibiyar NIST ta Amurka, amma ƙwararre ba ya tsayawa a nan. Sai ya saka ainihin sinadarin da aka san tsabtarsa a cikin na'urar a yanayi ɗaya ya ga ko lokacin fitowa da gutsattsarin sun dace, kuma ya riƙa saka metanol zalla tsakanin samfuri da samfuri don ya tabbatar ragowar na baya bai ɓata na gaba ba.

Duk da haka wannan na'ura ma tana da iyaka. Metamfetamin, wanda haramtacciyar ƙwaya ce, da fentarmin, wanda maganin rage ƙiba ne da likita ke rubutawa a wasu ƙasashe, nauyinsu ɗaya ne, wato 149, kuma babban gutsuren kowannensu 58 ne. Tiramadol ma babban gutsurensa 58 ne, ko da yake nauyinsa 263. Wanda ya yi gaggawa zai iya ruɗewa, amma lokacin fitowa da zanen infirared suna raba su sarai. Wannan ne ya sa ƙa'idar kwamitin masana na SWGDRUG, wadda ɗakunan gwaji da yawa a duniya ke bi, ta ce ko da an yi amfani da hanya mai ƙarfi irin waɗannan, dole a ƙara da aƙalla wata hanya dabam kafin a rubuta sakamako.

Akwai kuma abin da na'ura ba za ta taɓa faɗa ba, wato ko garin da ya iso gabanta shi ne wanda aka karɓa daga hannun wanda ake tuhuma. Don haka idan rahoton gwaji ya zo kotu, lauya yana da haƙƙin tambayar wace hanya aka bi, ko an yi gwaji biyu mabambanta, ko hatimin jakar yana nan lafiya lokacin da ta isa ɗakin gwaji, da sunan duk wanda ya sa hannu a takardar miƙa ta tun daga wurin kamu har zuwa teburin mai gwajin.