Tambaya da Amsa: Wane Ne Wajda da Ɗana Ya Ishe Ni da Zancensa?

TAMBAYA: Malam, ɗana mai karatun fim a jami'a ba shi da zance sai na wani darakta ɗan Poland, Andrzej Wajda. Me mutumin nan ya yi ne haka? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki, yaronki bai yi zaɓen tumun dare ba. An haifi Wajda a 1926, ya rasu a 2016 yana da shekara 90. Zane ya fara koyo a birnin Krakow kafin ya koma makarantar fim ta Lodz, kuma ni a ganina wannan zanen ne ya cece shi. Ƙasarsa tana ƙarƙashin mulkin kwaminisanci, 'yan tace fim suna bin kowace kalma da almakashi. Sai ya riƙa ɓoye maganarsa a cikin hoto.

Ki ɗauki fim ɗinsa Kanal na 1957, labarin mayaƙan da suka yi wa Jamusawa bore a Warsaw a 1944, suka gudu ta magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin gari. Saurayi da budurwa sun rarrafa har bakin kogin Vistula, ga haske, ga iska, sai suka tarar an toshe mafitar da sandunan ƙarfe. Kyamara ta tsaya tana kallon wancan ƙetaren. Ba wanda ya ce uffan kan abin da ke can. Amma duk ɗan Poland ya san a can sojojin Sobiyet suka ja tunga har aka murƙushe boren. To me mai almakashi zai yanke? Na kalli wurin nan ya fi sau biyar, har yau sai tsigar jikina ta tashi.

Lambobin yabo kam ya sha su: babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1981, da Oscar ta girmamawa a 2000. Har sanata ya zama a 1989.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Mahaifinsa hafsan soja ne, yana cikin 'yan Poland kusan 22,000 da jami'an Stalin, shugaban Sobiyet, suka harbe a 1940, aka ɗora wa Jamusawa laifin. Mahaifiyarsa ta yi ta zuba ido har ta koma ga Mahaliccinta. Sai a 2007, yana da shekara 81, ya fitar da fim ɗin Katyn a kan wannan kisa. Idan yaron ya kawo miki shi, kada ki kalli ƙarshensa da dare.