Shin da gaske kwalejin gundumarmu tana kawo miliyoyin dala?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, kuma an sa ni cikin kwamitin ba da shawara na kwalejin al'umma ta gundumarmu. Za a kaɗa ƙuri'a kan sabunta harajin gidaje da ake tallafa wa kwalejin da shi, sai aka ba mu takarda mu raba wa jama'a, wadda ta ce kwalejin tana ƙara wa yankin ɗaruruwan miliyoyin dala kowace shekara. 'Yan'uwanmu da muke haɗuwa a masallaci sun tambaye ni daga ina adadin ya fito, na rasa abin da zan ce. Yaya ake yin wannan lissafi, kuma me ya kamata in faɗa musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri da ka tsaya ka tambaya kafin ka raba takardar. Saboda masu karatu da ke gida, kwalejin al'umma makaranta ce ta gaba da sakandare wadda babbar shaidarta ta shekara biyu ce, kusan kwatankwacin diflomar farko ta kwalejojin kimiyya da fasaha a Najeriya, sai dai mafi yawansu suna karɓar duk wanda ya gama sakandare ba tare da tankaɗe da rairaya ba. Ta farko ta gwamnati ita ce ta Joliet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901, kuma rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947, shi ya yaɗa sunan da ake kiransu da shi yanzu. Yau sun kai dubu ɗaya ko kusa da haka. Kuɗin karatun shekara ga ɗan gunduma yana wajen dala 4,000, alhali na jami'ar jiha ya haura dala 11,000. Wannan rahusa ba daga sama take faɗowa ba, baitulmalin jiha ne yake cike giɓin, a wasu wurare kuma har da harajin gidaje irin naku, shi ya sa dole kwalejin ta riƙa yi wa masu biyan haraji bayani.

Adadin da ke takardarku mai yiwuwa wani kamfanin nazari ne ya haɗa shi, kuma wanda ya fi shahara a wannan sana'a shi ne Lightcast, wanda a da ake kira EMSI. Shi ne ya rubuta wa ƙungiyar kwalejojin al'umma ta Amurka rahoton 2014 da ya ce a shekarar 2012 waɗannan kwalejoji sun ƙara wa ƙasar dala biliyan 809, wato kashi 5.4 cikin ɗari na jimillar arzikin da ta samar. Irin wannan lissafi yakan tattara abu uku: kuɗin da kwaleji ta kashe kan albashi da gine-gine da sayayya, da kuɗin da ɗalibai suka kashe a yankin, da ƙarin kuɗin da tsofaffin ɗalibai suke samu saboda karatun da suka yi. Daga nan sai a ninka, bisa hujjar cewa malamin da aka biya zai biya mai gidan haya, mai gidan zai biya mai gyaran famfo, shi kuma ya yi cefane, ta haka dala ɗaya za ta zagaya hannuwa da dama.

Zagayawar kuɗi gaskiya ce, amma tambayar da ɗan'uwa mai kaifin tunani zai yi maka ita ce: da babu kwalejin, ina kuɗin za su tafi? Harajin da aka karɓa daga mazauna gunduma, da an bar musu shi, a gundumar za su kashe mafi yawansa, kuma shi ma zai zagaya. Ɗalibin da aka haifa a garin zai ci abinci ya biya haya ko ya shiga kwaleji ko bai shiga ba, don haka cefanensa ba sabon kuɗi ba ne. Sabon kuɗi shi ne wanda ya shigo daga waje, kamar tallafin Pell da gwamnatin tarayya ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, wanda mafi girmansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, ko kuɗin ɗalibin da da ba don kwalejin ba sai ya bar garin. Masana tattalin arziki uku, Siegfried da Sanderson da McHenry, sun bi irin waɗannan rahotanni na manyan makarantu a wani nazari da suka buga a 2007, suka nuna yadda ake yawan ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu da yadda ake zaɓar ninkin da ya wuce kima. A yi adalci, kamfanonin da suka san aikinsu sukan zaftare wani kaso saboda waɗannan dalilai. Sai dai kason ƙiyasi ne, kuma ɓangaren tsofaffin ɗalibai, wanda yawanci shi ya fi rinjaye a jimillar, ya tattaro mutanen da suka yi karatu shekaru da dama da suka wuce. Adadin ba ƙarya ba ne, amma ba ya gaya wa uba ko ya tura 'yarsa, ba ya kuma gaya wa mai gida ko harajin bana zai biya kansa.

Ma'aunin da ya fi amfani shi ne bambanci tsakanin abin da mutum yake samu bayan karatu da abin da zai samu da bai yi ba. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a 2023 mai shaidar sakandare kaɗai yana samun wajen dala 899 a mako, mai shaidar shekara biyu kuma dala 1,058. Bambancin ya haura dala 8,000 a shekara, kuma shi ake yawan bugawa a takardun talla. Amma waɗanda suka jure suka gama karatu tun asali sun bambanta da waɗanda ba su shiga ba, ta fuskar shiri da lafiya da goyon bayan iyali, don haka wani ɓangare na bambancin nasu ne tun kafin su ga ƙofar kwaleji.

Masu bincike sun samo dabarar rage wannan matsala. A Amurka kusan kowane mai ɗaukar ma'aikata yana aika wa jiha bayanin abin da ya biya kowane ma'aikaci duk wata uku, saboda tsarin inshorar rashin aiki. Idan aka haɗa wannan kundi da rajistar kwaleji, ana iya bin mutum ɗaya a ga albashinsa kafin karatu da bayansa, a kwatanta shi da takwaransa da ya shiga amma bai gama ba. Clive Belfield da Thomas Bailey sun tattara irin waɗannan bincike daga jihohi da dama a 2017, suka samu cewa shaidar shekara biyu tana ƙara wa namiji wajen dala 4,640 a shekara, mace kuma wajen dala 7,160. Ka ga adadin ya sauko daga na talla, amma ya fi tsayawa da ƙafafunsa. Shi ma yana da raunin da ya kamata ka sani. Mutane da yawa suna komawa makaranta ne daidai lokacin da aikinsu ya lalace, abin da Orley Ashenfelter ya lura da shi tun 1978, don haka idan aka kwatanta da watannin ƙarshe kafin shiga, za a ba kwaleji ladan farfaɗowar da za ta zo ko babu ita. Kundin kuma ba ya ganin mai sana'ar kansa, ko ma'aikacin gwamnatin tarayya, ko wanda ya ƙaura zuwa wata jiha. Wannan ya shafi jama'armu sosai, domin direban da ke aiki da motarsa da mai shagon kansa ba sa bayyana a ciki.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne cewa ribar tana bin fannin da aka karanta fiye da sunan kwalejin. Jacobson da LaLonde da Sullivan sun bi ma'aikatan da suka rasa aikinsu a jihar Washintan, suka buga sakamakon a 2005: shekara ɗaya ta karatu ta ƙara wa maza wajen kashi 9 cikin ɗari, mata wajen kashi 13, amma kusan duk ƙarin ya fito ne daga darussan fasaha da lafiya da lissafi. Binciken da ya biyo baya a sauran jihohi ya tafi a kan haka. Aikin jinya da sauran fannonin asibiti suna sama, kuma su ne babban dalilin da ya sa ribar mata ta fi ta maza. Shaidar karatun gama-gari, wadda aka tsara don wucewa jami'a, ba ta ƙara wani abin kirki idan mutum ya tsaya a kanta. Nan ne gizo ke saƙar, domin wajen kashi 80 cikin ɗari na sababbin ɗalibai suna cewa digiri suke nufi, amma kusan kashi ɗaya bisa uku ne suke wucewa jami'a, kuma kashi 16 cikin ɗari kawai suke samun digirin cikin shekara shida. Kwalejin da ta haɗa ma'aikaciyar jinya da wanda ya bar karatu bayan zango ɗaya ta fitar da adadi guda, ta ɓoye wa iyaye abin da suka fi buƙatar sani.

Akwai kuma batun su wa kwalejin take jawowa. Jack Mountjoy ya yi nazari kan jihar Tekzas, ya buga a 2022, ya samu cewa cikin ɗaliban da kusancin kwaleji ya sa suka shiga, kusan biyu bisa uku da ba za su yi karatun gaba da sakandare ba sam, kuma sun amfana ƙwarai. Sauran ɗaya bisa ukun da jami'a za su shiga kai tsaye, kuma farawa daga kwaleji ya rage musu damar samun digiri. Jimilla riba ce, amma ba ga kowa ba.

Kada a manta da ɓangaren kashewa. Kuɗin makaranta shi ne ƙaramin abin da ɗalibi yake biya, babban shi ne aikin da ya bari. A ƙaddara mutum yana samun dala 30,000 a shekara, ya rage aikinsa zuwa rabi har shekara biyu: ya yi asarar dala 30,000, ga kuɗin makaranta dala 8,000. Idan shaidar ta ƙara masa dala 6,000 a shekara, sai ya haura shekara shida kafin ya mayar da jarinsa, daga nan ribar ta fara. Wanda bai gama ba ya biya wani ɓangare na wannan, kuma sau da yawa abin da ya samu kaɗan ne.

Haka nan ka yi hattara da adadin kammalawa, domin abokan hamayyar harajin za su ɗaga shi. Tsohon ma'aunin gwamnatin tarayya yana ƙirga waɗanda suka shiga karon farko, suna karatu cikakken lokaci, suka gama cikin shekara uku. Mafi yawan ɗaliban kwalejin al'umma kuwa suna haɗa karatu da aiki ne. Wanda ya wuce jami'a kafin ya karɓi shaida, da makanikin da ya zo ya ɗauki darasi biyu don a ƙara masa matsayi, duk ma'aunin ba ya sa su cikin waɗanda suka yi nasara.

Hujja mafi ƙarfi da za ka iya riƙewa ta taɓa jiharku. Jami'ar birnin Niyok ta fara wani shiri mai suna ASAP a 2007, wanda ke cike wa ɗalibi giɓin kuɗin makaranta, ya ba shi katin shiga jirgin ƙasa da littattafai da mai ba da shawara da ke bibiyarsa a kai a kai, da sharaɗin ya yi karatu cikakken lokaci. Cibiyar bincike ta MDRC ta raba ɗalibai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, yadda ba za a ce masu ƙwazo ne aka zaɓa ba. Bayan shekara uku kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama, a ɗaya ɓangaren kashi 22. Da aka maimaita shi a kwalejoji uku na Ohayo, wato Cincinnati State da Cuyahoga da Lorain, an samu kashi 35 da kashi 19. Shirin ya fi tsada a kan kowane ɗalibi, amma ya fi araha a kan kowace shaida da aka bayar, kuma wannan shi ne lissafin da ya dace mai biyan haraji ya ji.

Game da abin da za ka faɗa, shawarata ita ce kada ka ɗora maganarka kan jimillar miliyoyin. Idan an tambaye ka, ka ce ƙiyasi ne da ya haɗa albashin ma'aikata da samun tsofaffin ɗalibai na shekaru masu yawa. Sannan ka je ofishin da ke tattara alƙaluman kwalejin ka nemi bayani fanni fanni: mutum nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka wuce jami'a kuma darussansu nawa jami'ar ta amince da su, nawa suke samu bayan shekara ɗaya da bayan shekara biyar. Ka nemi albashin mutumin tsakiya idan an jera su daga ƙarami zuwa babba, domin 'yan ƙalilan masu babban samu suna iya ɗaga matsakaici. Shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi ta tarayya yana nuna samun ɗalibai fanni fanni tun 2019, amma waɗanda suka karɓi tallafi ko bashin tarayya kaɗai yake ƙirgawa. A ɗaya hannun ka gaya wa mai gida dala nawa harajin zai ci masa a shekara bisa darajar gidansa, ka kuma tuna wa mai haya cewa shi ma yana biya ta cikin kuɗin hayarsa. Idan wani fanni bai yi kyau ba ka faɗa, domin jihohi da kansu sun fara duba haka: dokar da Tekzas ta yi a 2023 ta ɗaura mafi yawan kuɗin da jiha ke ba kwalejoji kan sakamako, kamar shaidun da ke da daraja a kasuwar aiki da wucewa jami'a.

Wasu 'yan'uwan za su tambaye ka saboda ƙannensu da ke gida. Ka bayyana musu cewa duk alƙaluman nan na mazauna ƙasa ne. Wanda ya zo da bizar karatu yana biyan kuɗin baƙo, wanda yakan ninka na ɗan gunduma sau biyu ko fiye, ba ya samun tallafin Pell, kuma doka ta taƙaita aikin da zai iya yi, don haka sai an sake masa lissafi daga farko.