Zuwa Zanzibar a watan Afrilu: rahusar gaskiya ce, ruwan ma gaskiya ne

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce hutun aikinka ya faɗo a watan Afrilu, kana son ka kai amarya Zanzibar na kwana shida, ka ga kuɗin otal ya yi ƙasa sosai amma an ce maka lokacin damina ne, shi ne kake tambaya ko ka biya ko ka dakata. Na ga wasu sun ce maka ka je kawai, wai ruwan bakin teku na awa ɗaya ne sai rana ta fito. Ban yarda da su ba, domin aiki ya zaunar da ni a Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, na kuma tsallaka tsibirin Zanzibar, wanda shi ma cikin ƙasar yake, a damina da rani.

Damina biyu gare su a shekara. Akwai ƙarama wadda suke kira vuli, wajen Nuwamba zuwa Disamba. Ita ce wadda masu ba ka shawara suke siffantawa: a yi ruwa da safe ko da dare, kafin azahar gari ya washe. Sai babbar, masika, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, kuma Afrilu shi ne tsakiyarta. A wannan watan kaɗai birnin Zanzibar kan samu ruwan da ya kai kusan milimita 400, wato kusan rabin abin da Kano ke samu a shekara guda. Mu 'yan Arewa mun saba hadari ya haɗo daga gabas, a yi iska, a sheƙa ruwa, a ɗauke, kowa ya fita harkarsa. Can a Afrilu sai a wayi gari da ruwa a kwana da shi, washegari a ci gaba da yayyafi, sama ta yi fari fat babu alamar rana. Akwai ranakun da gari ke buɗewa, teku ta yi shuɗi kamar yadda kake gani a hotuna, kuma ba kaɗan ba ne. Matsalar ita ce babu mai iya gaya maka tun daga gida ko kwana shidanka za su faɗo a kansu.

Saboda haka in har wurin aikinku za su yarda ka matsar da hutun, ka kai shi farkon Yuni. A lokacin ruwa ya ja baya, tsibirin ya yi kore shar, akwai sanyi-sanyi, kuma Turawa ba su fara cika wurin ba, sai Yuli da Agusta farashi ke kai ƙololuwa. Wannan ita ce shawarata ta farko, kuma da ƙanena ne ya tambaye ni ita zan ba shi. Tafiyar farko da amarya ba a maimaita ta, kuma kuɗin jirgi, wanda shi ne kaso mafi nauyi a wajenmu, ba ya raguwa don ana ruwa a Zanzibar.

In kuwa ba ya matsuwa, tafiyar tana yiwuwa, har ta yi daɗi, amma sai ka sauya tsarinta tun daga tushe.

Fara da biza, don ita ce ke iya rushe komai tun kafin a zo batun ruwa. Mai fasfon Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai an nema ta intanet, hukumar shige da fice ta can ta tantance ta amince, kuma abin kan ɗauki makonni, shi ya sa ake so ka nema da kusan wata biyu a gaba. Ka haɗa da katin rigakafin cutar shawara na ku biyun. Sannan tun daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta musamman, wadda aka fara da dala 44 kan mutum ɗaya, ko da kana da wata inshorar daga gida. Ka duba farashin da ake kai yanzu kafin ka yi lissafi. Ga biza da ba ka san ranar fitowarta ba, ga ruwa da ba ka san ranar ɗaukewarsa ba, to kada ka biya kuɗin ɗakin da ba a mayarwa. A shafukan kama otal za ka ga farashi biyu, mai arha wanda in ka fasa kuɗinka ya tafi, da wanda ya ɗan ɗara amma kana iya sokewa. A Afrilu na biyun za ka ɗauka. Ɗakuna a wannan watan sun fi baƙi yawa, ba mai ƙwace maka wuri.

Kafin ka biya ma, ka tura wa otal ɗin saƙo ka yi musu tambayoyi kai tsaye. Otal-otal da dama na bakin teku suna rufewa a Afrilu da Mayu don gyare-gyare, wasu kuma sukan bar rabi a buɗe suna aiki a ɗaya rabin. Na taɓa sauka a irin wannan, ɗaki mai kyau a farashi mai sauƙi, amma ɗakin cin abinci a rufe, masu gyaran rufi suna buga guduma tun safe. Ka tambaye su ko ana gini, ko kicin yana aiki dare da rana, ko suna da janareta, kuma ko hanyar da ta shiga wurinsu kwalta ce. Manyan titunan tsibirin suna da kwalta, amma 'yar hanyar da ke ratsewa zuwa wasu otal-otal ta ƙasa ce, ruwa na kwanciya a kanta. Ka kuma nemi ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki, ko da ba ka jin zafi. Laimar wurin ce matsala. Rigar da ka shanya yau za ka same ta da danshi jibi, jaka da takalmin fata kuma su fara fumfuna.

Batun inda za ku zauna shi ne na fi so ka tsaya a kai. Mutane da yawa kan kama kwana shidan gaba ɗaya a otal ɗin bakin teku, nesa da gari. A rani wannan daidai ne. A masika kuwa, in ruwa ya kafe, ku biyu ne a ɗaki da talabijin mai tashoshin Swahili, ba inda za ku taka. Ni da zan tsara maka, rabin kwanakin a tsohon gari za ku yi su, wato Stone Town. Garin a cunkushe yake, lungu-lungu ne masu tsukuku, daga masallaci zuwa shago zuwa gidan shayi taku kaɗan ne, da lema ɗaya sai ku yi yawonku. Akwai kasuwar Darajani, akwai tsohuwar ganuwa ta Larabawan Oman, akwai cocin da aka gina a filin kasuwar bayi bayan an rufe ta a 1873, da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi. Wurin nan yana taɓa zuciya, kuma ruwa ba ya hana ganinsa. Ga ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, waɗanda na san amarya za ta tsaya ɗaukar hoto a gabansu. Da yamma in an ɗauke, sai ku gangara lambun Forodhani inda ake gasa kifi da matse rake. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, don haka ba ka da fargabar nama ko wurin sallah, kuma mai hijabi ba ta zama baƙuwa a titi.

Sauran kwanakin sai ku haura arewa, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Na zaɓi arewa ne saboda daga Afrilu iskar kudu da suke kira kusi take fara kaɗawa, kuma gaɓar gabas, su Paje da Jambiani, ita ta fi shan ta. Ban da haka a gabas teku kan janye ta yi nisa na sa'o'i kafin ta dawo. In rana ta fito muku na awa biyu kacal, ba za ka so a ce a daidai lokacin ruwan tekun ya gudu ba. A Kendwa janyewar kaɗan ce, duk lokacin da gari ya buɗe kuna iya sauka.

Duk wani yawo na kwale-kwale, kada ka biya shi tun daga gida. Zuwa tsibirin Changuu ganin manyan kunkuru, ko fita kallon faɗuwar rana a jirgin ruwa mai filafilai, duk ana shirya su a ranar. Ka tashi da safe ka dubi sama, ka tambayi masunta da ke bakin ruwa, ba masu tallar yawon ba, don mai talla kullum cewa zai yi lafiya lau. In ba ka ga rigar kariya a cikin jirgin ba, kada ku shiga, ko da tafiyar rabin awa ce. Gonakin kayan ƙamshi kuwa damina ce lokacin kyansu, za ku ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin bishiyarsu, sai dai taɓo, a sa takalmin roba. Haka dajin Jozani mai jajayen birai. In kana son tarihi, a Kizimkazi can kudu akwai masallacin da rubutun jikinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira.

A kan hanya, daga Kano Ethiopian Airlines na bi ta Addis Ababa har Zanzibar, ba sai ka sauka Darussalam ba. Ina ganin wannan ya fi muku. Jirgin ruwan da ke tsallakawa daga Darussalam kamar awa biyu yake yi, amma in iska ta tashi yana jijjiga sosai, wanda bai saba ba sai ya yi ta amai. In dole ne, ku hau na safe.

Kayan sawa marasa nauyi masu saurin bushewa, a bar shadda mai sitati da leshi mai nauyi a gida, ko a ɗauki kala ɗaya na hoto. Lema, silifa mai kama ƙasa, da 'yar jakar da ruwa ba ya shiga don fasfo da waya. Tanzaniya ta haramta ledar cefane tun 2019, kada ka cika akwati da baƙar leda da sunan kare kaya. Sauro yana ƙaruwa bayan ruwa, ku kwana a gidan sauro, ku tafi da man shafawa, kuma in amarya tana da juna biyu ku ga likita kafin ku yanki tikiti. Ruwan sha na gora kawai. Abincin titi a ci wanda aka sauke daga wuta a gabanka, domin a damina ne ciwon ciki da gudawa suka fi yawa.

Daren ƙarshe ku dawo ku kwana a cikin gari. Filin jirgin Abeid Amani Karume bai fi tafiyar minti ashirin daga Stone Town ba, amma daga Nungwi in ruwa ya kwana yana zuba, awa ɗaya da rabin nan tana iya ninkawa, jirgi kuma ba zai jira ku ba. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida amarya.