Amsa ga ƙanena mai son zuwa binciken ƙanƙara a arewacin Kanada

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na karanta shi a tsanake. Ka ce ka gama digirin farko a fannin labarin ƙasa, ka yi aikin kammalawa a kan janyewar ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru da hotunan tauraron ɗan'adam, ka kuma gama bautar ƙasa. Sai ka ji labarin gwamnatin Kanada tana zuba kuɗi a binciken sauyin yanayi a arewacinta tare da 'yan asalin ƙasar, wani ejan kuma ya ce in ka biya shi zai cika maka fom ya sama maka gurbi. Kana so ka san ko kuɗin da gaske ne, ko kuma ɗan Najeriya irinka zai iya samu.

Kuɗin da gaske ne. Ejan ɗin kuwa, kada ka ba shi ko sisi, domin babu wani fom da mutum zai cika daga Kano ya karɓi wannan kuɗi. In ka fahimci hanyar da kuɗin yake bi, kai da kanka za ka ga haka.

Gwamnatin tarayya tana da hukuma mai suna Polar Knowledge Canada, wadda aka kafa a 2015, hedikwatarta tana wata babbar tashar bincike a garin Cambridge Bay cikin yankin Nunavut. Akwai ArcticNet, wata haɗakar masu bincike da ke da mazauni a Jami'ar Laval ta birnin Kebek, su ne ke yawan fita teku da jirgin nan mai fasa ƙanƙara, Amundsen. Akwai shirin sa ido kan gurɓatattun sinadarai a arewa da aka fara tun 1991. Akwai kuma manyan majalisun bincike guda uku na ƙasa, ta kimiyya da injiniyanci, ta lafiya, da ta ilimin zamantakewa. Duk waɗannan, malaman jami'a ne ke neman kuɗinsu, ko ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa, ko gwamnatocin yankunan arewa. Wasu shirye-shiryen ma, kamar na masu gadin ƙasa daga cikin 'yan asali da na sa ido kan yanayi a garuruwa, kai tsaye ga al'ummar ake ba da su, su ne za su zaɓi masanin da suke so ya yi aiki da su. Ɗalibi yana cin moriyar kuɗin ne idan malami ya ɗauke shi, ya riƙa biyansa alawus daga cikin abin da ya samo.

Ɗan abin da ake ba ɗalibi a hannunsa kuma yana da shinge. Shirin da ke taimaka wa ɗalibai da kuɗin tafiya arewa, wanda ake kira NSTP, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin. Tallafin tarayya na digiri na biyu, wanda kasafin 2024 ya ɗaga zuwa dalar Kanada 27,000 a shekara, shi ma haka. Na digiri na uku, mai dala 40,000, an bar wa baƙi ɗan ƙaramin kaso, gasar kuma da zafi. Ga batun biza: daga Janairun 2024 sai ka nuna kana da dala 20,635 na zama ban da kuɗin makaranta, kuma an sake ƙara adadin bayan nan. Hanyar gaggawa da aka buɗe wa ɗaliban Najeriya an rufe ta a Nuwamban 2024. Saboda haka takardar malami mai cewa zai biya ka kaza a shekara ita ce jarinka, a wurin jami'a da kuma wurin masu ba da biza.

To, wannan shi ne batun kuɗi. Abin da ya fi damuna shi ne wata jimla a saƙonka, inda ka ce ko ma wane bincike ne za ka yi, in dai zai fitar da kai. Na san halin da ake ciki a gida, ban ga laifinka ba. Amma da wannan niyyar ba za ka daɗe a wannan fage ba, kuma ina so ka san dalili.

Arewar da ake magana gidan mutane ne. Nunavut kaɗai ta ninka Najeriya fiye da sau biyu a faɗi, mutanenta ba su kai 40,000 ba a ƙidayar 2021, mafi yawansu Inuwit ne, wato 'yan asalin yankin, suna zaune a garuruwa 25 da babu titin mota da ya haɗa ko ɗaya da kudu. Sai jirgin sama, sai jirgin ruwan da ke kawo kaya idan ƙanƙara ta narke. A yammacinsu akwai al'ummomin 'yan asali na Dene da Gwich'in da Inuvialuit. Rahoton gwamnati na 2019 ya nuna arewacin ƙasar ya ƙara zafi da digiri 2.3 tsakanin 1948 da 2016, kusan ninki uku na abin da duniya ta ƙara. A takarda lamba ce ƙarama. A ƙasa kuwa, ƙanƙarar teku ita ce hanyarsu, a kanta suke hawa babur ɗin ƙanƙara su je farauta ko su ziyarci dangi, yanzu tana makara wajen daskarewa, tana saurin narkewa, inda kakan mutum ya bi shekara da shekaru lafiya sai ya rufta da jikansa. Ƙasar da ke ƙarƙashin gidajensu a daskare take tun dubban shekaru, yanzu tana saki, gini yana karkacewa, titin jirgi yana tsagewa. A garin Tuktoyaktuk teku na cin gaɓa har an ɗauke wasu gidaje daga bakin ruwa. Garken karibu na Bathurst, wata dabba dangin barewa da Dene suka dogara da namanta da fatarta, ya kai kusan 470,000 a 1986, a 2021 bai wuce 6,200 da 'yan kai ba. Ka tuna abin da saniya take a wurin Bafulatani, sai ka auna wannan rashi. A Agustan 2023 kuma gobarar daji ta sa aka kwashe birnin Yellowknife, mutum wajen 20,000.

Waɗannan mutane sun sha wuya a hannun masu bincike da jami'an gwamnati. A shekarun 1940 da 1950 an yi gwajin abinci a kan yaran 'yan asali a makarantun kwana, ana barin wasu cikin tamowa don a kwatanta su da wasu, ba da sanin iyayensu ba. A 1953 da 1955 an kwashe iyalan Inuwit daga arewacin lardin Kebek aka kai su Resolute da Grise Fiord, can ƙuryar arewa inda ba su san dabba ba, ba su san hanya ba, gwamnati ba ta nemi gafara ba sai a 2010. An yi zamanin da ake rataya wa kowane Ba'inuwit lamba a wuya saboda jami'ai sun kasa rubuta sunayensu. Kai ɗan Kano ne, ka san abin da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ya bari a zukatan mutanenmu, ka san yadda ya shafi rigakafin shan inna shekaru bayan haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Haka suke kallon baƙo mai littafi da biro, fari ne ko baƙi.

Shi ya sa suka ɗaure al'amarin da ƙa'ida. Ba ka isa ka ɗebi ko kofin ruwa da sunan bincike a Nunavut ba sai da lasisi daga cibiyar bincike ta yankin da ke Iqaluit, ita kuma sai ta ji ta bakin garin da abin ya shafa. Yankin Arewa maso Yamma da Yukon su ma suna da nasu lasisin. Dokar ɗa'ar bincike ta majalisun nan uku tana da babi na tara sukutum a kan aiki da 'yan asali. A 2018 ƙungiyar Inuwit ta ƙasa, Inuit Tapiriit Kanatami, ƙarƙashin shugabanta Natan Obed, ta fitar da manufarta a kan bincike, inda ta ce Inuwit ne ya kamata su tsara abin da za a bincika a ƙasarsu, su kuma mallaki bayanan da aka tara. Ka nemi wannan takarda a intanet ka karanta kafin ka rubuta wa kowane malami. Za ta fi maka amfani a kan duk wani bidiyon yadda ake samun biza.

Zuwana na farko wani ƙaramin gari a bakin kogin Mackenzie, na tafi da taswirar da na zana daga hotunan tauraron ɗan'adam, na riga na zaɓi wuraren da zan binne na'urorin auna zafin ƙasa. Aka zaunar da ni gaban kwamitin mafarauta na garin. Wata dattijuwa ta tambaye ni ta bakin tafinta, wa ya nemi a yi wannan aikin, kuma yaushe zan dawo in faɗa musu abin da na gano da harshen da za su gane. Daga nan wani tsoho ya ɗora yatsa a kan taswirar, nesa da duk wuraren da na zaɓa, ya ce nan ne gaɓa take zaftarewa tana zuba laka inda suke kafa ragar kifi tun yana yaro. Muka sauya tsarin aikin gaba ɗaya. Bayanan da suka fi kowanne daraja a aikina daga wannan wuri suka fito, kuma samarin garin ne suke zuwa karanta na'urorin a watannin da ba na nan, ana biyansu daga kuɗin binciken. Da ɗan gari akan ci gari, wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu.

A nan ne nake ganin kana da abin da yawancin ɗalibai ba su da shi. Ka tashi inda ake durƙusawa a gaida babba, inda ba a katse dattijo, inda ba a shiga ƙauye sai an fara zuwa ƙofar mai gari. Ka ga manomi yana duban gajimare da iska ya faɗi ranar shuka. Su ma suna da irin wannan sani, Inuwit suna kiransa Inuit Qaujimajatuqangit, kuma suna gane wanda yake girmama shi da gaske daga wanda yake rubuta shi a takarda don a ba shi kuɗi. Sai dai kada ka je kana cewa ai mu ma an yi mana mulkin mallaka, don haka ka san ciwonsu. Ka yi shiru ka saurara tukuna. In zama ya yi zama, su da kansu za su tambaye ka labarin Tafkin Chadi da hamada, kuma hirar takan yi daɗi ƙwarai.

Aikin da ake yi ta wannan hanya yana haifar da abin kirki. Binciken sinadarai da na ambata shi ya nuna magungunan ƙwari da dattin masana'antu na ƙasashe masu nisa suna bin iska da ruwa su taru a kitsen dabbobin teku, har su shiga nonon uwa a garuruwan Inuwit. Sheila Watt-Cloutier, ɗaya daga cikin shugabannin Inuwit, ta ɗauki wannan hujja ta kai zauren duniya, ta taimaka aka cimma yarjejeniyar Stockholm ta taƙaita irin waɗannan sinadarai a 2001. Shirin SmartICE, wanda aka fara a garin Nain na Labrador tare da Jami'ar Memorial, yana horar da matasan gari su ja na'urar auna kaurin ƙanƙara a bayan babur, su fitar da taswirar inda za a bi lafiya. Irin wannan tsari nake fatan wata rana a gani a fadamun da ka yi nazari, masunta da makiyaya su zama su ne masu awo.

Game da addini, tunda ka tambaya: akwai masallaci a garin Inuvik, an gina shi a Winnipeg aka ɗauko shi a kan mota da jirgin ruwa a 2010, akwai kuma wani a Iqaluit tun 2016. A Inuvik rana takan yi kwana 56 ba ta faɗi ba a lokacin zafi, ta yi kusan wata guda ba ta fito ba a hunturu, don haka jama'a suna bin lokutan wani gari na kudu wajen salla da azumi. Duhun ya fi sanyin wahalar da mutum. Amma galibin shekara a jami'a za ka yi ta a kudu, arewa makonni ne ko 'yan watanni. Kifinsu kuma yana da daɗi, in an miƙo maka ka karɓa da hannu biyu.

Ga abin da za ka yi yanzu. Ka ƙara ƙwarewa a manhajojin QGIS da Google Earth Engine da Python, duk kyauta ne, hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da Sentinel ma kyauta ne. Dabarar da ka bi ka auna janyewar ruwa a Nguru ita ce ake bi a auna tafkunan da ke ƙafewa idan daskararriyar ƙasa ta saki. Ka zaɓi wani yanki a bakin Mackenzie, ka gwada, ka fitar da taswira biyu ko uku masu tsabta. Sannan ka duba malamai a jami'o'in Laval, in kana shirye ka koyi Faransanci, ko Manitoba, Carleton, Memorial, Wilfrid Laurier da Alberta. Ka karanta aikin mutum kafin ka rubuta masa, ka faɗi garin da yake aiki da shi da abin da kai za ka iya ƙarawa. Wasiƙa biyar da aka rubuta da sani sun fi ɗari da aka kwafa. Yawancin jami'o'i suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Fabrairu, don haka tun watan Satumba ake fara tuntuɓa.

In ka haɗa taswirorin da wasiƙar farko, turo mini in duba kafin ka aika. Ka gaishe mini da Inna da sauran mutanen gida.