Ɗana yana karatu kusa da sansanin makaman ƙare dangi: in tilasta masa ya dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Ɗana yana karatun injiniya a Adana ta ƙasar Turkiyya, saura masa shekara 2. Kwanan nan na ji cewa a gefen garin akwai sansanin sojan sama mai suna Injirlik, inda ake cewa Amurka na ajiye bama-baman nukiliya, kuma in yaƙi ya tashi irin wuraren nan ake fara hara. Wani mai wa'azi ya ce mini zama can haramun ne, wanda ya mutu can tamkar ya kashe kansa ne. Na ce wa yaron in bai dawo ba ban yafe masa ba. Shi kuma yana ma shirin komawa wani ɗaki dab da sansanin don ya fi arha. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, zaman ɗanka a Adana halal ne. Komawarsa ɗakin da ke jikin sansanin kuwa kana da ikon hana shi, kuma wajibi ne ya bi ka. Kalmar nan ta "ban yafe ba" ka janye ta, zan dawo kanta.

Kiyaye rai wajibi ne, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Babu saɓani a nan. Abin da ake dubawa shi ne girman haɗarin: ya rinjaya a zato, ko abu ne mai yiwuwa kawai? Shehu Halil ya ba mu ma'auni a babin hajji na Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, inda ya ce teku kamar tudu take, sai fa idan halaka ta rinjaya a cikinta. Jiragen ruwan wancan zamani suna nitsewa da alhazai, kowa ya sani, amma malamai ba su sauke wajibcin hajji ba don wannan, balle su haramta shiga jirgin. To mu auna. Sau biyu aka yi amfani da makamin nukiliya a yaƙi, a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, sai Nagasaki bayan kwana 3. Sansanin Injirlik yana nan tun shekarun 1950, ya ga rikicin Kuba na 1962 lokacin da duniya ta fi kusa da wannan bala'i, kuma mutanen Adana suna ta haihuwa suna aurar da ƴaƴansu. Haɗarin yana nan tun ranar da ka sa wa yaron albarka ya tafi. Saninka da shi ne sabo.

Maganar mai wa'azin nan kuskure ce, kuma mai nauyi. Hujjarsa ayar Baƙara ce ta 195, wadda ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya yarda da shi, ya ji an ja wannan aya a kan mutumin da ya kutsa cikin rundunar Rumawa, sai ya gyara musu, ya ce ta sauka ne a kan Ansar lokacin da suka so su koma tattalin dukiyarsu su bar ciyarwa don Allah. Na yarda lafazinta ya game kowace halaka, haka malamai suka ɗauke ta. Amma jefa kai yana nufin mutum ya nufi abin da galibi yake kashewa. Wanda ya zauna a garin da aka shekara 70 ana zaune lafiya, ina jefa kan? In mun bi wannan fatawa, sai mu ce miliyoyin Musulmin Adana masu saɓo ne dare da rana, haka na Rawalpindi, haka na Faris da Landan da Mosko, don duk babban birni na ƙasa mai nukiliya abin hari ne. Babu malamin da ya faɗi haka. Magabata ma sun zauna a garuruwan bakin iyaka irin su Iskandariyya da Susa, inda jiragen ruwan abokan gaba ke faɗowa ba sallama, kuma yabon masu zaman aka yi. Ban ce ɗanka yana da ladan ribaɗi, wato zaman tsaron bakin iyaka, ba, karatu ya kai shi. Ina nuna maka ne cewa kusanci da wurin hari bai taɓa zama dalilin haramci shi kaɗai ba.

Idan mai wa'azin ya koma ga hadisin annoba, wanda ya hana shiga garin da ta ɓulla, shi ma bai taimake shi ba. Sayyidina Umar ya juya daga Sarg, wani wuri a kan hanyar Sham, ne bayan labari ya tabbata cewa annoba tana cin mutane a Sham a lokacin, bai juya don ana tsoron za ta zo wata rana ba. Kuma rabin hadisin na biyu cewa ya yi wanda ke ciki kada ya fita da gudu, wanda ya saɓa wa abin da mai wa'azin ke so. Kiran mamaci "wanda ya kashe kansa" kuwa, alhali wani ne ya jefo masa bam, ƙazafi ne ga wanda aka zalunta. Mai wa'azin ya ji tsoron Allah.

Batun ɗakin daban ne, kuma shi ne abin da na tsaya a kai cikin wasiƙarka. Sansanin yana wajen kilomita 10 gabas da tsakiyar gari. A Hiroshima rushewa ta gaba ɗaya ta tsaya ne cikin kusan kilomita 2 daga inda bam ya fashe. Na yau da yawansu sun fi wancan ƙarfi, amma har yanzu tazara ita ce babbar kariya. Ban da haka, makami mai linzami na yau da kullum ko jirgi maras matuƙi sun fi nukiliya kusa da faruwa nesa ba kusa ba, kuma maƙwabtan shinge suke fara samu. Matsawa kusa don rarar ƴan jikkoki ƙarin haɗari ne ba tare da larura ba. In da hali, ka cika masa bambancin kuɗin hayar, gardama ta ƙare.

Hukuncin zaman garin kansa yana juyawa idan alamu suka bayyana: a shelanta yaƙi da ƙasa mai nukiliya, ko hukumar Turkiyya ta ce a tashi, ko ofishin jakadancin Nijar a Ankara ya kira ɗalibai, ko a ga ana kwashe iyalan sojoji, kamar yadda Amurka ta kwashe nata daga Adana a watan Maris 2016 saboda barazanar ta'addanci. Irin wannan alama ta sa yaron ya shirya, in umarni ya fito kuwa fita ta wajaba ko da jarrabawa ce gobe. Fasfo ɗinsa ya zama bai mutu ba, kuɗin tikiti a ajiye.

Ka isar masa da wannan kuma, yana cikin riƙo da sababi. In ya ga haske mai tsanani na fashewar bam kada ya kalla, kada ya je taga; ya kwanta rub da ciki ya rufe kansa, don iskar fashewa tana isowa bayan hasken, kusan daƙiƙa 30 a tazarar kilomita 10, kuma gilashi take watsawa. Daga nan yana da kamar minti 10 kafin ƙura mai guba ta fara sauka. Ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko tsakiyar ginin kankare, ya rufe tagogi, ya kashe duk na'urar da ke jawo iskar waje. Kuskuren da aka fi yi shi ne hawa mota a gudu: hanya ta cushe, mota kuma ba ta tare gubar. Ya zauna ciki aƙalla awa 24 yana sauraron rediyo mai batir. Ƙarfin gubar yana sauka zuwa kashi 1 cikin 10 bayan awa 7, kashi 1 cikin 100 bayan kwana 2. In ƙurar ta same shi a waje, ya tuɓe tufafin sama ya ƙulle a leda, ya yi wanka da sabulu ba tare da dirzar fata ba. Ƙwayar aidin da ake sha don kariya daga gubar, maƙoshi kawai take karewa, ba a shan ta sai hukuma ta ce. Aidin na wanke ciwo kuwa guba ne in an sha. Ya tanadi ruwan gora lita 3 zuwa 4 na kowace rana. A wannan hali Juma'a da jam'i sun faɗi a kansa, ruwan sha ya riga alwala, sai ya yi taimama. Ya ajiye ɗan dutsen taimama a ɗaki tun yanzu, kada ya ɗebo ƙasar waje.

In tsoro ne za ka ji masa, ka tambaye shi ingancin benen da yake kwana ciki. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya, har da ɗaruruwa a Adana. Mu ma nan ba a bayan duniya muke ba: bam ɗin da Faransa ta gwada a Reggan ta Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, iska ta kai ƙurarsa ƙasashen da ke kudu da Sahara.

Sai maganar bakinka, Alhaji. Haƙƙin uba babba ne, kuma malamanmu sun ba iyaye damar hana ɗa tafiyar neman ilimin da ba farali ainihi ba idan akwai haɗari na gaske. Wannan bai kai can ba, ga shi da izininka ya tafi. Ɗora masa fushin uba a kan abin da shari'a ta halatta masa zai bar shi tsakanin asarar shekarun karatunsa da tsoron bakinka. Ba rantsuwa ka yi ba, don haka babu kaffara. Ka kira shi ka ce ka yafe, ka kafa masa sharaɗi biyu: ba zai koma ɗakin nan ba, kuma ranar da alamun da na ambata suka bayyana zai taso ba musu. Mahaifiyarsa ma a gaya mata haka, a daina tura mata bidiyon fashewar bam a WhatsApp.

Wallahu a'alam.